Kafin Maigida Ya Kafa Kyamara A Ƙofar Gida

Duk wadda ta ɗaga kai a 'yan shekarun nan, ko a Kano take ko Kaduna ko Gusau ko Sakkwato, ta ga wani sabon abu ya fara yawa a bisa katangu da ƙofofin gidaje, watau kyamarar tsaro. Da can sai a banki ko gidan gwamnati ake ganinta. Yanzu kuwa har mai shagon tireda da mai makarantar kuɗi ta unguwa sun kafa. Maigida ma in ya sami 'yan kuɗi sai ki ga ya shigo da kwali a hannu, ya ce gobe yaro zai zo ya haɗa. Ba safai a kan shawarci uwargida ba, alhali kuwa ita ce ke wuni a gidan, ita ce kuma ke kwana da yara in maigida ya yi tafiya. Saboda haka ya kamata ke ma ki san abin da ke cikin kwalin nan, don in an zo maganar saye ki iya sa baki da hujja.

Ba sai an gaya wa kowa abin da ya jawo wannan yayi ba. Da dare ne aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilu na 2014. Da dare ne aka shiga makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 aka tafi da yara maza fiye da 300. A Jangebe ta Jihar Zamfara, tsakar dare ne aka tasa ƙeyar 'yan mata 279 a watan Fabrairu na 2021, haka kuma a Maga ta Jihar Kebbi, kafin asuba aka ɗauke ɗalibai 25 a watan Nuwamba na 2025. Amma fa kada ki ce dare kaɗai ke da haɗari, domin a Kuriga ta Jihar Kaduna da safe ne aka yi abin, ranar 7 ga Maris 2024, yara sun riga sun hallara a makaranta. Haka yake a cikin gari. Mai haura katanga da dare yake zuwa, mai satar yaro kuwa sau da yawa da rana tsaka yake tsayawa a ƙofar gida, kowa na harkar gabansa. Ke nan kyamarar da ke gani a lokaci ɗaya kawai rabin aiki take yi, ko da yake cikakken kuɗi aka biya.

Gwamnati ma ta taɓa kona hannunta a wannan sha'ani. A shekarar 2010 aka ba da kwangilar kafa kyamarori a Abuja da Legas, aikin da ya kai dala miliyan 470, akasarin kuɗin kuma bashi ne daga ƙasar Sin. An kafa turaku da farantan sola a manyan tituna, amma ba a daɗe ba mutane suka gane yawancinsu ba sa aiki. Majalisar Wakilai ta yi bincike, har a 2023 wata babbar kotun tarayya ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe kuɗin. To, in masu miliyoyin daloli sun ƙare da turaku tsirara, ina ga mai albashin wata da ya tara kuɗinsa da kyar?

Bari mu fara da yadda abar ke gani cikin duhu, don nan ne aka fi yaudarar mai saye. Akwai wani irin haske da idon ɗan Adam ba ya gani, wanda masana ke kira infirared. 'Yan makaranta, wataƙila an koya muku cewa wani masani a Ingila mai suna Wiliyam Hashel ne ya gano shi a shekarar 1800, sa'ad da ya ga ma'aunin zafi yana hawa a gefen jan haske, inda ido ba ya ganin komai. Kuna iya gwadawa a gida: ki ɗauki rimot ɗin talabijin, ki saita bakinsa ga kyamarar waya, ki danna. A yawancin wayoyi za ki ga wani ɗan haske yana ƙiftawa wanda idonki bai gani ba. Irin wannan hasken ne kyamarar tsaro ke watsawa da dare daga wasu ƙananan ƙwayaye da ke kusa da idonta. In kin tsaya kusa za ki ga sun yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Da magariba kuma in kin kasa kunne za ki ji ta yi ɗan ƙas, wannan wani ɗan gilashi ne a ciki ke gocewa don ya ba hasken hanya. Daga nan hoto sai ya koma baƙi da fari har gari ya waye.

Wannan baƙi da farin yana da nasa aibi. Ba ya nuna launin riga ko na babur, har ma wani yadin da yake baƙi ƙirin da rana sai ya fito fari fat a hoton dare, gwargwadon irin rininsa. Sai ki je ki gaya wa 'yan sanda mai farar riga ne, alhali baƙa ya sa. Shi ya sa kamfanoni suka fito da wasu masu nuna launi har da dare. Hikvision na kiran nata ColorVu, Dahua kuma Full-color. Suna da kyau ƙwarai, sai dai suna bukatar ɗan haske komai ƙanƙantarsa, in babu kuwa sai su kunna farar fitilarsu. A unguwar da ke da fitilun titi ko ƙwan ƙofar gida mai kwana a kunne, waɗannan sun fi. A lungun da duhu ke yin duhu kuwa, farar fitilar nan za ta tara miki ƙwari, ta kuma nuna wa mai zuwa daidai inda kyamara take. A ganina, wadda ta fi dacewa da yawancin gidajenmu ita ce mai haɗa biyun, wadda ke zaune da ɓoyayyen haskenta, sai ta ga mutum sa'an nan ta kunna fara. Ɓarawo kan firgita in haske ya faɗo masa ba zato, kuma in ya ɗaga kai ya duba, ya ba da fuskarsa ke nan.

Sai maganar rubutun da ke jikin kwali. Za ki ga an rubuta tana gani har mita 30 cikin duhu. Ba ƙarya suka yi ba, amma ganin me? A mita 30 za ki ga wani abu na motsi, ki ce mutum ne ba akuya ba, shi ke nan. Akwai ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi a duniya, wadda ta bambanta tsakanin hango mutum da shaida fuskarsa. Bisa ƙa'idar nan, hoton da za a shaida baƙuwar fuska da shi sai ya ninka na hango mutum sau 10 wajen kaifi. In aka yi lissafi, kyamara mai megafiksel 2 mai faɗin ido, irin wadda ta fi yawa a kasuwa, ba ta shaida fuska sai mutum ya zo cikin mita 3 zuwa 4. Ki auna da taku daga inda za a kafa ta zuwa bakin ƙofarku. In ya wuce haka, to ko dai a matso da ita, ko a sayi mai matsattsen ido. A jikin kwali ana rubuta wannan da milimita. Mai 2.8 ta fi faɗi amma ba ta nisa, mai 4 ko 6 kuwa ta fi kusanto da abu, sai dai ba ta kama gefe da gefe. Mai faɗi ta dace da filin ajiye mota, matsattsiya ta dace da ƙofa.

Mai shago zai ce miki ga mai megafiksel 8, ta fi kowace. Da rana gaskiyarsa. Da dare kuwa ba lalle ba ne, domin ƙwayar da ke karɓar haske a cikin kyamara kamar faifai take da aka shimfiɗa a tari ruwan sama. In aka rarraba ɗan ƙaramin faifai gida miliyan 8, kowane gida ɗigo kaɗan zai samu. Sau da yawa mai megafiksel 2 ko 4 mai babbar ƙwaya ta fi mai 8 mai ƙaramar ƙwaya kyan hoto cikin duhu. Bugu da ƙari, kyamara mai arha tana da wata dabara, takan daɗe da buɗe idonta don ta tara haske, sai katanga da bishiya su fito tar, amma duk abin da ke tafiya ya zama kamar hayaƙi. Ɓarawo kuwa ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto kamar ango.

Saboda haka kada a gama biyan mai haɗawa da rana. Hoton rana kowace kyamara tana yi, wanda ake nunawa a shago ma na rana ne ko na cikin fitila. A riƙe wani abu daga kuɗin aikinsa sai bayan isha'i. A kashe ƙwan ƙofar gida, a sa wani yaro ya taho da saurin tafiyarsa ta yau da kullum, da hula a kansa, ya wuce ta gaban ƙofa. Sa'an nan a mayar da hoton baya a tsayar. In ke da kika san yaron ba ki iya gane fuskarsa ba, wane ne zai gane ta baƙo? Ki lura kuma da sa'ad da ya matso kusa. A wasu kyamarori fuska kan yi fari fes kamar an shafa alli, ba ido ba hanci, saboda hasken ya yi mata yawa. Masu kyau suna rage haskensu da kansu in mutum ya matso.

Rana ma ba a rasa matsala da ita, musamman a irin gininmu mai zaure. Cikin zaure da duhu-duhu, waje kuma rana ta ƙwalle. In kyamara na ciki tana kallon ƙofa, duk wanda ya shigo sai ya zama baƙar inuwa, hasken bayansa ya cinye fuskarsa, kamar dai yadda ke ma ba kya gane mai sallama sai ya ƙaraso. Maganin wannan a nemi wadda aka rubuta haruffan WDR a kwalinta, tare da lamba 120 ko sama, domin ita ce ke iya daidaita haske da inuwa a hoto ɗaya. Kada kuma a saita ta gabas sak ko yamma sak, don hantsi ko la'asar sakaliya za su makantar da ita na ɗan lokaci kullum. Tsayi shi ma abin lura ne. Masu haɗawa suna son kai ta can ƙololuwa don kada a sace, amma daga can hula da rawani kawai za ki gani. Mita 2 da rabi zuwa 3 ya isa.

Akwai kuma abin da waɗanda suka ƙera ta ba su san zafinsa kamar mu ba, watau hunturu. Ƙura na kwanciya a kan gilashi, da rana ba za ki lura ba, amma da dare hasken kyamarar kan bugi ƙurar ya dawo mata ido, sai hoto ya zama hazo. Mai murfin gilashi kamar an kifa kwano ta fi fama da wannan, don haka a waje gara mai buɗaɗɗiyar fuska. Haka nan in an manna ta kusa da farar katanga ko ƙarƙashin indararo, hasken ya kan dawo ya dushe sauran wurin. Gizo-gizo ma abokin gaba ne, domin ƙwari na zuwa wurin haske, shi kuma ya bi su ya yi saƙarsa a bakin ido, zare ɗaya kuwa da dare sai ya fito kamar igiyar shanya. Tsumma mai laushi sau ɗaya a mako ya wadatar, kuma wannan aiki ne da kowa zai ɗauka wani ya yi, sai fa in uwargida ta ɗora wa wani yaro shi. Don damina, a duba an rubuta IP66 ko IP67, ma'ana ƙura da ruwan sama ba sa shiga cikinta.

Duk wannan bayani bai da amfani in babu wuta. Kyamara ta fi shan lantarki da dare saboda ƙwayayen haskenta, da dare ne kuma aka fi ɗauke mana ita. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Janareto kuma mun san ƙarfe nawa ake kashe shi a gidajenmu, mai haura katanga ma ya sani, shirunsa yake jira. Abin daɗin shi ne kyamara huɗu da akwatin naɗinsu ba su kai fankar silin guda cin wuta ba, don haka batir da ƙaramar inbata ko farantin sola za su riƙe su har safe. In kuɗi bai kai ba, ni dai shawarata a sayi kyamara biyu da batir, ya fi a sayi shida a bar su ga NEPA, kamar yadda har yau muke kiranta.

Yanzu an cika kasuwa da wasu masu ɗan farantin sola a ka, waɗanda ake sa wa layin waya, ba sa bukatar wayar lantarki. Sun dace da gona ko gidan da ake ginawa. Amma da yawansu barci suke yi don tattalin batir, sai sun ji ɗumin jikin mutum ya gifta su farka. Kafin su farka mai sauri ya wuce, a bazara kuma da zafin gari ke kusantar zafin jiki, jin nasu ya kan ragu. Daɗin daɗawa, duk kyamarar da ta dogara da layin waya tana hannun wanda ke riƙe da layin. A watan Satumba na 2021 an rufe hanyoyin sadarwa a duk Jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni babu waya. Kyamarar da ke aika hotonta ta intanet kawai, ba ta ajiye komai a jikinta, ta zama kwalliya a lokacin. A tabbata tana da katin ajiya ko akwatin naɗi a gida. Akwatin kuma kada a ɗora shi a kan talabijin ɗin falo, don shi ne abin farko da ɓarawo mai wayo zai ɗauka.

To, yanzu mun zo kan abin da ya fi shafarmu mu mata, wanda kuma ba za ki ji shi a bakin mai shago ba. Idon da ke ganin ɓarawo cikin duhu yana ganinki ke ma. A bazara mata da yara a tsakar gida suke kwana, kowa da ɗaurin ƙirji. Banɗakin gidaje da yawa ba shi da rufi. Kyamarar da aka kafa a saman bene don ta kalli ƙofa, in mai juyawa ce, tana iya leƙa tsakar gidanku, ta leƙa ta maƙwabta waɗanda ba su san hawa ba su san sauka ba. Sai ki tambayi kanki, wane ne ke kallon wannan hoto? Yaron da ya zo ya haɗa shi ne ya sa lambar sirri, a wayarsa ya fara gwadawa, sau da yawa kuma ya tafi ba a goge ba. Wasu ma ba sa canja lambar da ta zo daga kamfani. A 2014 an taɓa samun wani shafi na intanet da ke nuna hotunan kyamarori fiye da 70,000 na ƙasashe daban-daban kai tsaye, har da na ɗakunan kwana, don kawai masu su ba su canja lambar ba. A 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi ta wannan ƙofa ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori, da yawansu kyamarori ne da akwatunan naɗi.

Saboda haka ki roƙi maigida, cikin ladabi amma ba da wasa ba, a canja lambar sirri a gabanku ranar da aka gama aiki, a kuma cire wayar mai haɗawa daga ciki. Kyamara ta kalli ƙofa da zaure da bayan katanga, ta juya wa tsakar gida baya. A yawancinsu ana iya shafe wani sashe na hoton da baƙi, don in tagar maƙwabta ta shigo a rufe ta. Ita kuma uwargida a sa mata hoton a wayarta, domin ita ce ke bukatar sanin mai buga ƙofa kafin ta aiki yaro ya buɗe. Ba na ɓoye muku, akwai gidajen da aka sayi kyamara da sunan ɓarayi, ta ƙare a ƙidayar wace ce ta fita, wace ce ta shigo, ƙanwar wace ce ta tafi da ƙunshi. A gidan da ke da abokiyar zama, in ɗaya na da hoton a waya ɗaya ba ta da shi, an shuka fitinar da ta fi ta ɓarawo daɗewa. Gara a yi maganar tun kwali bai buɗe ba.

Ku kuma 'yan mata na makarantun kwana, da iyayenku, in hukumar makaranta ta ce ta kafa kyamarori, ku yi murna amma ku yi tambaya a taron iyaye da malamai. Ina suke kallo? Wurinsu ƙofar makaranta da katanga da hanyar da ta fito daga daji, ba ɗakin kwana ko wajen wanka ba. Wane ne ke zaune gaban allon da ƙarfe biyun dare, kuma in ya ga mutane tafe wa zai kira, a minti nawa za a iso? Kyamara ba ta riƙe ƙafar kowa. In akwai mai kallo, takan ba da 'yan mintuna a tada yara, a kira 'yan sintiri ko lamba 112. In babu, sai da safe a taru a kalli abin da ya riga ya faru.

In Allah ya kiyaye wani abu ya auku a gida, kada a yi jinkiri. Na'urar tana shafe tsohon hoto ta ɗora sabo in ma'ajiyarta ta cika, a wasu cikin 'yan kwanaki kaɗan, don haka a kwafe a ranar. Dokar shaida ta 2011 ta ba kotu damar karɓar irin wannan hoto, amma lauyan wanda ake zargi zai fara duba kwanan wata da lokacin da ke kusurwar hoton. Wasu akwatunan in ɗan batirinsu na ciki ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai agogonsu ya koma wata shekara can baya. Ki riƙa leƙa kusurwar nan duk ranar da aka goge gilashi, ki gwada da agogon wayarki.